Waƙa ta Bakwai a Kaset ɗin Tía Maritza

Maritza Oyarzún ta yi fiye da rabin rayuwarta a tsaye gaban injin fotokwafi, a wani ɗan shago da ke bayan jami'a a nan Concepción. Gajeriya ce, furfura ta cinye mata gaban kai, yatsunta kuma kullum da baƙin tawada. Ɗalibai ba su san mata suna ba. Su dai su leƙo su ce, "Tía, goma, gaba da baya," ta karɓa ba tare da ta ɗago ba. Kowa Tía yake ce mata, kamar ƙanwar uwarsa ce.

Mu kuwa da Gotera muka san ta. Gotera, wato yoyon rufi, ita ce 'yar mujallar da take haɗawa da hannunta a kan mawaƙan da ba su da kamfani, waɗanda rediyo bai san da zamansu ba. Mu nan fansin muke ce wa irinta. Almakashi ne da gam da tsohuwar tafureta. Ta yanka, ta manna, ta buga a injin shagon da ragowar takardun da mai shagon ya yafe mata, ta ninke, ta ɗinke tsakiya. Shafi goma sha shida, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ta fitar da guda saba'in da uku. Na lissafa, domin duk ina da su a kwali.

A Hualpén aka haife ta. Ubanta ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, uwarta tana ɗinki a gida. Tana 'yar shekara goma sha shida yayanta Rigoberto ya kawo mata wani kaset da ya kwafa daga na abokinsa, wanda shi ma kwafowa ya yi daga na wani. Kaset ɗin na wasu samari huɗu ne 'yan Talcahuano da suka kira kansu Tarro Mojado. Ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. A garejin wani suka ajiye rediyo a ƙasa suka danna, suka yi abin da za su yi, ba a jima ba kowa ya kama gabansa. Sauti ne mai shuu kamar ana soya kifi a ɗaki na gaba. Waƙoƙi bakwai ne a ciki. Shida na farko hayaniya ce da gudu, ganga na neman tsere wa jita. Ta bakwai kuwa daban take. Jita ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, mutum yana waƙar jiran mota a ruwan sama, motar ba ta zo ba, shi ma bai tafi ba. Ba ta da suna. Tía ce ta raɗa mata Ta Bakwai, sunan ya bi ta.

Saboda wannan waƙar ta fara Gotera. Ta gaya mini da bakinta cewa ta ji in ba ta faɗa wa wani ba za ta fashe, a gidansu kuma babu mai saurare. Ta yi rubutu a kan mawaƙa da yawa bayan haka, ta tallafi yara da dama da suka fara kiɗa a garejin iyayensu, amma da wuya a fitar da Gotera biyu a jere ba ta koma kan Ta Bakwai ba.

Ni sunana Gaspar, ina sayar da kayan waya a kasuwar cikin gari. Ni na buɗe mana zaure a intanet, ni kuma na roƙi Tía har ta yarda na juye kaset ɗin na ɗora. Mun fara mu tara. Kafin a ankara mun kai ɗari huɗu da goma sha biyu, daga Arica a can arewa har Punta Arenas a ƙarshen kudu, da wasu 'ya'yan 'yan gudun hijira a Suwidin. Babu abin da muke yi sai musu. Tía ba ta iya rubutu da waya da sauri ba, amma in ta turo saƙo, kowa sai ya gyara zama.

Babban abokin faɗanta wani malamin lissafi ne a Temuco, Froilán Huenchul. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kullum suna ciki.

"Tía, da girmanki," in ji shi wata rana, "wannan Ta Bakwai ɗin taku maganin barci ce. Na kunna wa kyanwata, har yanzu ba ta farka ba."

"Kyanwarka ta fi ka kunne," in ji ta. "Ba ta wayar mu yi magana."

"Mutum yana jiran mota, shi ke nan fa! Ni ma ina jiran mota kullum, wa ya yi mini mujalla?"

"Kai in ka jira mota, motar ce ke neman wata hanya."

Haka za su kwana uku ana ja, mutane na shiga, wani ya kawo hujja daga yadda aka ɗaure igiyar jitar, wata ta rantse ta ji ƙarar jirgin ruwa a bayan muryar. Akwai wanda ya zana baitin waƙar a damtsensa. Akwai ma'aurata biyu da a zauren nan suka haɗu. Ni da nake ƙirga komai na san babu abin da ke tara mu kamar waƙar nan: in aka ambace ta, saƙonni sukan ninka uku.

Ni na nemo mawaƙin. Wata 'yar zauren ce ta ce surukinta ya san wani Osvaldo Neira mai gyaran injin kwale-kwale a tashar Talcahuano, an ce ya taɓa waƙa yana saurayi. Na hau mota na je. Na same shi dattijo mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk baƙin mai. Da na ce Tarro Mojado sai ya tsaya da sifana a hannu yana kallona.

"Wa ya aiko ka? 'Yan sanda?"

"Don Osvaldo, mutum ɗari huɗu ne suka aiko ni."

Ya ɗauka zolaya ce. Bai da intanet a wayarsa, bai taɓa ganin Gotera ba, shi kansa ba shi da kaset ɗin. Na ce masa za mu yi taron masu fansin ranar Asabar a ɗakin taron unguwa, muna so ya zo mu karrama shi. Ya ce shi ya manta yadda ake riƙe jita. Na ce ya zo kawai. Ya ce to, sai ya tambayi matarsa.

Kujera tamanin na aro, mutum casa'in da shida suka zo. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata mata na soya sopaipilla, irin fankenmu na nan, a bakin ƙofa, ɗakin duk ƙamshin mai da jiƙaƙƙun riguna. Froilán ya taso tun daga Temuco, ashe ɗan siriri ne mai kunya, da ya ga Tía sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Don Osvaldo ya zo da matarsa, Doña Herminia, sanye da farar riga mai karin guga. Muka zaunar da su a gaba.

Tía ta tashi da takarda a hannu. Ba ta saba magana a taro ba. Ta karanta abin da ta rubuta tun a Gotera ta farko, wanda yawancinmu mun haddace. Ta ce waƙoƙi shida na farko yara ne ke koyon tafiya, suna faɗuwa suna tashi, ba laifi, amma da a nan Tarro Mojado suka tsaya da babu wanda zai tuna da su, kuma da ba a yi asarar komai ba. Ta ce a ta bakwai ne suka zama mawaƙa. Ta ce duk wanda ya yi waƙar nan ya gama biyan bashin zuwansa duniya.

Na ga Don Osvaldo ya ɗan karkata kai, amma ya yi murmushi. Na danna, Ta Bakwai ta fara fita daga lasifika. Mutane suka rufe ido, wasu na bin ta a hankali. Da ta ƙare aka yi tafi, aka miƙa masa makirufo.

"Kai, wannan ta yi daɗi," in ji shi. "Ta wace ce?"

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Dattijo akwai barkwanci!"

"A'a, da gaske nake. Ban taɓa jin ta ba." Ya juya wajen matarsa. "Herminia, muryata ce wannan?"

"Ina! Kai da kake ihu kamar an taka maka ƙafa?"

"Shida muka yi," in ji shi. Ya ɗaga yatsu yana nunawa. "Shida. Ba mu iya ta bakwai ba ko da mun so. Mai jitarmu maɓalli uku ya sani."

Ba mu kalli Tía ba, ba mu kalle shi ba, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Mutumin nan an sa shi ya goge riga, an zaunar da shi gaban jama'a da matarsa, an karanta masa cewa duk abin da ya yi a rayuwarsa ta waƙa ba asara ba ne in ya ɓace, sannan aka tafa wa waƙar wani. Shi ne ma ya yi ƙoƙarin rufa mana asiri. Ya ce, "To, ai ba komai, wanda ya yi ta ya iya." Ya ajiye makirufo a kan kujera a hankali. Tía ta ninke takardarta, ta ɗauki jakarta ta fita cikin ruwan, ko lema ba ta buɗe ba.

Washegari ta kira yayanta Rigoberto, wanda ke aiki a ma'adinai can arewa. Ina shagon lokacin, ta sa wayar a fili.

"Rigo, kaset ɗin Tarro da ka ba ni. Ta ƙarshen, daga ina ka samo ta?"

"Wane kaset? Ke 'yar nan, shekara nawa yanzu?"

"Ka tuna dai."

Ya yi dariya. "Oho! Ai wuri ne ya rage a bayan, na cike miki da wani abu. Wa ke barin kaset da fili?"

"Da me ka cike?"

"Ina zan sani? Wani kaset ne a ɗakin su abokina Chalo, ko na yayarsa ne. Chalo ma ya rasu. Lafiya dai?"

Ta kashe wayar.

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan al'adar. Kaset tsada gare shi, ba a barin ko taƙi ɗaya babu komai. In waƙoƙin da kake kwafa sun ƙare da sauran zare, sai ka cusa duk abin da ke kusa, kyauta ga wanda za ka ba. Ita kanta Tía ta yi wa mutane haka ba adadi. Ta taɓa yin shafi guda a Gotera a kan yadda ake zaɓen waƙar cike gurbi. Ta fi kowa sanin abin, amma ba ta taɓa kawo shi a kan kaset ɗinta ba, domin tana son waƙar ta zama tasu. Mu ma da muke ta baje kolin kunne, muna jin jirgin ruwa a bayan murya, babu wanda ya ce muryar nan ai ba ɗaya ba ce.

A ranar ta fita daga zauren. Ta ce mini Gotera ta ƙare.

"Tía, kuskure ne fa, kowa na yi."

"Ɗan nan, kuskure shi ne ka buga shafi a juye. Ni mutum na tsayar a gaban matarsa na ce masa bai yi komai ba. Kuma tun kafin a haife ka nake faɗa." Ta ci gaba da jera takardun wani ɗalibi. "Tafi ka buɗe shagonka."

A zauren kuwa abin ya fara muni. Wani ya ɗauki bidiyon taron ya ɗora. Aka yi ta ba'a, wani ya ce a canza wa zauren suna zuwa Masu Jiran Mota, aka tambayi mai zanen damtse ko zai sayar da hannun. Mutum talatin da ɗaya suka fita. Na goge bidiyon, aka ce ina danne gaskiya. Ni kaina na yi tunanin rufe zauren, don in na buɗe shi sai in ji kamar an kama ni da satar kaza.

Froilán, wanda kowa ke jiran ya yi rawa a kan kabarin Ta Bakwai, bai ce uffan ba sai bayan kwanaki. Sannan ya turo dogon saƙo, kuma ba a kanta ba. A kan ta uku ya yi. Ya ce ya zauna ya saurari shidan da kunnen da bai taɓa ba su ba, ya gano cewa a ta uku mai ganga ya ɓata kiɗa a tsakiya, sauran suka jira shi ba su tsaya ba, har ya kamo su. Ya ce bai san wani abu da ya fi wannan kama da Talcahuano ba. Ya rufe da cewa, "Duk wanda zai zagi Tía ya fara nuna mana abin da shi ya ajiye shekara talatin bai yar ba."

Wata ta ce ƙarya ne, ta biyar ta fi. Wani ya ce ta biyar satar ta biyu ce. Aka kaure. Saƙo dubu ɗaya da ɗari ɗaya da wani abu na ƙirga a mako guda, duk a kan waƙoƙin da muka yi shekaru muna tsallakewa don mu kai ga ta ƙarshe. Na zaɓi masu ma'ana, na kai shagon Tía a waya na ce ta buga mini.

Ta buga, don aikinta ne. Tana fitar da takardun tana karantawa ta gefen ido. Da ta zo kan na Froilán sai ta tsaya.

"Ba mai gangar ne ya ɓata ba," in ji ta. "Mai jitar ne ya yi gaba."

"To ki gaya masa."

Ta harare ni. Ta tattara takardun ta daidaita bakinsu a kan tebur. "Ba zan rubuta ko harafi ɗaya ba sai na ga Don Osvaldo. Kuma kai za ka raka ni, tunda kai ka jawo."

Ranar Lahadi muka hau mota zuwa Talcahuano, ta rungume tsohuwar rediyonta mai cin kaset a cinya. Doña Herminia ce ta buɗe ƙofa, ta dube mu sama da ƙasa.

"Osvaldo! Ga masu karrama ka sun dawo."

Lokacin shayin yamma ne, aka sa mana burodi da fiya a tebur. Tía ta ƙi zama. Ta tsaya riƙe da rediyon ta ce, "Don Osvaldo, na zo ba ka haƙuri. Ba ni da wata hujja."

"Zauna, señora, shayin zai huce." Ya tura mata kujera. "Ba zan ce miki bai yi zafi ba. Na dawo gida na cire rigar nan na ce wa Herminia ta ba mabukata. Ni da na manta da abin nan lafiya lau, aka zo aka tono ni don a gaya mini ban iya ba."

"Ai ba ka iya ɗin ba," in ji matarsa daga wajen murhu.

"Ke kuma wa ya sa da ke? Ba a wajen waƙar kika gan ni kika liƙe ba?"

"Tausayi ne."

Tía ta ajiye rediyon ta ce ko zai so ya ji. Ya ce tun da suka watse bai ƙara jin ko ɗaya ba. Ta danna. Da ihun farko ya fito, sai ya dafe goshi yana dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Ya riƙa kiran sunaye: wannan Pato ne a ganga, yana Kanada; wannan Memo ne a jita, teku ta ci shi. A ta uku ya ɗaga yatsa. "Nan Memo ya gudu ya bar mu. Kullum sai ya yi haka." Tía ta kalle ni, ta ciro biro.

Da ta shida ta ƙare ta kai hannu ta kashe da sauri.

Ya dube ta. "Señora, tsakaninki da Allah. Yanzu da kika ji su a gabana, wacce ta fi?"

Na so ƙasa ta tsage. Tía ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja. Ta daɗe tana juya cokali a kofi.

"Ta bakwai," in ji ta.

Doña Herminia ta saki dariya har da riƙe ciki. Don Osvaldo ya girgiza kai. "To, aƙalla ba maƙaryaciya ba ce. Rubuta namu yadda suke, kar ki ƙara musu gishiri don kin ji kunya. In kin ƙara, zan sani."

Gotera ta saba'in da huɗu ta fito bayan wata guda. A shafin farko ta rubuta da hannunta, da manyan baƙaƙe, cewa ta yi shekaru tana jingina wa Tarro Mojado waƙar da ba tasu ba, tana kuma rage musu tasu, kuma laifin nata ne ita kaɗai. Sauran shafukan hirar Don Osvaldo ce da musun 'yan zaure, ta yanka da almakashi ta manna, kowa da sunansa. Ba ta ce shidan sun fi yadda suke ba. A kan ta huɗu ma cewa ta yi gara a tsallake.

Har yau ba mu san mai Ta Bakwai ba. Wasu na nema, Tía ba ta cikinsu. Ba ta ƙara yarda ta yi karatu a gaban taro ba, in an matsa mata sai ta ce maƙogwaro ke damunta. Amma ta dawo zauren. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi bayani ba. Saƙo ɗaya ta turo, ga Froilán:

"Malam, mai jitar ne ya yi gaba, ba mai gangar ba. Na tambayi mai waƙar. Wannan karon na tambaya."